Jagorar Mai Son Fara Tara Tsofaffin Katunan Jackie Robinson

A Amurka, tun wajen shekarun 1880 kamfanonin taba suka fara cusa ɗan kati mai hoton ɗan wasan besbol a cikin kwalin sigari. Daga baya masu cingam da masu burodi suka karɓi abin, ya zama kayan yara: su saya da 'yan kuɗin kashewarsu, su yi musaya a bakin titi, su ɗaure da roba su cusa a aljihu. Mafi yawan katunan sun yage, ko iyaye mata sun share su zuwa bola. Kaɗan ɗin da suka tsira su ne yau ake gwanjonsu da kuɗin da hankali ke wuyar ɗauka. A watan Agustan 2022 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da katin shahararren ɗan wasan besbol Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6. Irin wannan labari ne ke jawo sababbin shiga, shi ne kuma ke sa su zuba kuɗi tun ba su san abin da suke saya ba.

Shawarata ga mai son shiga wannan harka ita ce ya zaɓi ɗan wasa guda, ya san katunansa ciki da bai kafin ya fitar da ko dala ɗaya. Zan bi da kai ta kan Jackie Robinson. Mutumin ya cancanci a san shi, sannan katunan da aka buga masa yana cikin wasa ba su da yawa. Ana iya haddace su a zama ɗaya, kuma wanda ya haddace su da wuya a cuce shi.

Mataki na farko: san mutumin da shekarunsa

An haifi Robinson ranar 31 ga Janairun 1919 a wani ƙaramin gari mai suna Cairo a jihar Georgia. A zamanin da ya taso, manyan ƙungiyoyin besbol sun shafe kusan shekara sittin ba sa ɗaukar baƙar fata, don haka baƙaƙe suka kafa gasarsu ta daban. A can ya buga wa Kansas City Monarchs a 1945. Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers, ya ɗauke shi, ya tura shi Montreal Royals ta ƙasar Kanada a 1946, sannan ranar 15 ga Afrilun 1947 ya shiga filin Ebbets da rigar Dodgers mai lamba 42. Ya sha zagi daga 'yan kallo da abokan hamayya, har da wasiƙun barazanar kisa, ya daure. A shekarar ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, a 1949 ya zama gwarzon gasar National League baki ɗaya, a 1955 ƙungiyarsa ta ci kofin World Series. Ya yi kakarsa ta ƙarshe a 1956, aka shigar da shi zauren gwarazan wasan a 1962, ya rasu ranar 24 ga Oktoban 1972. A 1997 aka jingine lamba 42 a dukkan ƙungiyoyi, ba a sake ba wani sabon ɗan wasa ita.

Waɗannan shekaru su ne makaminka na farko. Duk katin da aka buga tsakanin 1947 da 1956 na zamanin wasansa ne, su ne masu daraja. Duk abin da ya biyo baya katin tunawa ne, kuma irinsu dubbai ne, har yau ana buga sababbi. Ka kuma riƙe shekarar rasuwarsa: in aka kawo maka katin da aka buga bayan 1972 aka ce ya sa hannu a kai da alƙalami, ka san ƙarya ce tun kafin ka duba tawadar.

Mataki na biyu: haddace katunan

Manyan katunansa guda takwas ne, daga kamfanoni uku.

Na kamfanin Leaf na birnin Chicago shi ake ɗauka a matsayin katinsa na farko a cikin manyan jeri. Lambarsa 79, bayan hoton launin ɗorawa ne, ya sa hula shuɗiya. Ana kiransa na 1948, ko da yake masu bincike da yawa sun tsaya a kan cewa sai a 1949 ya shiga kantuna, shi ya sa za ka ga ana rubuta 1948-49. Aikin ɗab'in Leaf bai da kyau. Launuka kan goce daga inda ya kamata su zauna, hoton kan karkata gefe, har fuskar ta yi kamar an buga ta sau biyu. Saboda haka wanda ya fito tsaf yana da tsada ƙwarai, kuma ko wanda ya ji jiki kuɗinsa dubban daloli ne.

Kamfanin Bowman na Philadelphia ya buga masa biyu: na 1949 mai lamba 50 da na 1950 mai lamba 22. Ƙanana ne, tsayinsu inci biyu da rabi. Na 1950 zane ne na Robinson ya kaɗa sanda a fili, kuma a idona babu katinsa da ya kai shi kyau. Yana cikin rukunin lamba 1 zuwa 72 na wannan shekara, waɗanda suka fi sauran wuyar samu. A 1951 babu katinsa a Bowman ko Topps. In ka ga an rubuta maka Bowman na 1951 ko na 1953 da sunansa, wuce kawai.

Sauran biyar na Topps ne, kamfanin da a lokacin yake Brooklyn ɗin kanta. Na 1952 lamba 312, na 1953 lamba 1, na 1954 lamba 10, na 1955 lamba 50, na 1956 lamba 30.

Na 1952 yana da labari. Jerin wannan shekara kati 407 ne, kuma rukunin ƙarshe, daga 311 zuwa 407, ya fito a makare lokacin da kakar wasa ta zo ƙarshe, yara sun koma kan wani wasan. Kaya suka yi kwantai a sito. Sy Berger, ma'aikacin Topps da ya tsara jerin, ya ba da labari da bakinsa cewa bayan wasu shekaru sun loda ragowar a jirgin ruwa sun zubar a tekun Atlantika. Katin Mantle shi ne 311, na Robinson ke bin sa. An buga kowannensu sau biyu a kan farantin ɗab'i, shi ya sa ake da iri biyu: ka juya bayan katin, ka dubi ƙwallon da aka rubuta lambar a cikinta, a wani ɗinkinta ya fuskanci hagu, a wani dama. A 2021 an sayar da ɗaya da kamfanin tantancewa ya ba maki 9 cikin 10 a kan dala 960,000.

Na 1953 shi ne na ɗaya a jerinsa, wato shi ke sama idan yaro ya jera katunansa ya ɗaure da roba. Shi ke shan matsi da gogewa, don haka masu lafiyayyen gefe sun yi ƙaranci. Na 1954 ba shi da farin gefe a sama, launin ɗorawar ya tafi har baki. Haka aka yi shi, kada ka ɗauka an yanke. Na 1955 da na 1956 a kwance aka buga su. Na 1956 shi ne na ƙarshe, yana nuna shi yana sulalewa a ƙasa a filin wasa a gefen babban hoton fuskarsa, kuma ana samun mai farin baya da mai toka-tokan baya.

A fuskar katunan 1952 da 1954 da 1955 da 1956 akwai sa hannunsa. Bugun inji ne, yana kan kowane kwafi. Sababbin shiga da yawa sun ɗauka sun tsinci dami a kala saboda wannan.

Bayan waɗannan takwas akwai na gefe, kuma nan ne ainihin masu wuyar samu suke. Kamfanin burodi na Bond Bread ya fara fitar da jerin kati 13 na Robinson shi kaɗai a 1947, hotuna baƙi da fari, waɗanda masu tarawa ke kira D302. Akwai wani jerin na kamfanin mai kati 48 da ya haɗa 'yan wasa da yawa, shi ne D305, kuma a nan akwai rikici: na asali da aka sa cikin burodi kusurwoyinsu a zagaye suke, amma kasuwa cike take da masu kusurwa a tsaye waɗanda ba a cikin burodin suka fito ba. Akwai kuma na Swell Sport Thrills na 1948 mai lamba 3, da biyu na kamfanin sigarin Old Gold, da na Berk Ross na 1952. Ka san da su, amma kada ka fara da su. Wuri ne da ko tsofaffin hannu ke yin gardama.

Mataki na uku: koyi karanta maki

Kusan duk tsohon kati mai daraja da za ka gani a kasuwa yana cikin kwanson roba mai tauri da aka liƙe, da takarda a sama mai ɗauke da sunan katin da maki da lambar shaida. Kamfanonin tantancewa ne ke yin wannan. Mafi girma shi ne PSA da aka kafa a 1991, sai SGC da aka kafa a 1998 wanda masu son tsofaffin katuna ke ji da shi, sai Beckett da CGC. In ka ga kwanso mai sunan wani kamfani da ba ka taɓa ji ba, ɗauke shi kamar katin da ba a tantance ba, ko da an rubuta masa 10.

Makin daga 1 zuwa 10 ne, da rabi-rabi a tsakani. Abubuwa huɗu ake dubawa: zaman hoton a tsakiya, wato ko farin gefen hagu da na dama, na sama da na ƙasa sun yi daidai, kaifin kusurwoyi huɗu, lafiyar bakin katin, sai fuskar, ko akwai ninki, tabo, rubutu ko ƙarzuwa. Maki 1 kati ne da ya sha wuya. Daga 2 zuwa 4 an yi wasa da shi, kusurwoyi sun dakushe, wataƙila da ɗan ninki. Daga 5 zuwa 6 yana da kyan gani sosai. Daga 7 zuwa sama kuɗin kan ninka da kowane maki, kuma wannan fagen masu hannu da shuni ne. Wani lokaci za ka ga babu lamba, an rubuta Authentic kawai, ma'ana katin na gaske ne amma ba a ba shi maki ba, sau da yawa don an taɓa shi, an rage gefe ko an ƙara launi. A kwanson PSA kuma akan ƙara haruffa kusa da makin: OC na nufin hoton ya karkata, MK akwai rubutu ko alama, ST akwai tabo. Kati mai 6 da OC ba ya kai kuɗin mai 6 tsantsa.

A nan nake son ka tsaya da kyau. Maki hukuncin mutum ne da ya dubi katin na ɗan lokaci, kuma katuna biyu masu maki ɗaya na iya bambanta nesa ba kusa ba. Ɗauki biyu masu maki 3. Ɗaya hotonsa na zaune daram a tsakiya, launinsa na nan da ƙarfi, laifinsa kawai kusurwoyi sun dakushe kuma akwai ɗan ninki a baya. Ɗayan kusurwoyinsa sun fi kaifi, amma ninki ya ratsa fuskar Robinson, hoton kuma ya kusa fita ta gefe. A takarda daidai suke. A ido, na farkon ne za ka so ka riƙa ɗaukowa kana kallo, shi ne kuma zai fi saurin samun mai saye ran da ka so sayarwa. Ni a ganina mai farawa ya nemi maki 2 zuwa 4 mai hoto a tsakiya da fuska mai tsabta. Kusurwa ta dakushe ba komai, shaidar cewa wani yaro ya riƙe katin shekara saba'in da suka wuce ce.

Kada kuma ka ɗauka kwanso ya kore duk wani shakku. Katin farko da PSA ta tantance shi ne shahararren katin tsohon ɗan wasa Honus Wagner na jerin katunan sigari da ake kira T206, ta ba shi 8. A 2013 dillalin gwanjo Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefen katin don ya ƙara kyau. Ana kuma yin jabun kwanson kansa. Don haka duk katin da za ka saya, ɗauki lambar shaidar ka shigar a shafin kamfanin. In akwai hoton katin a can, kwatanta shi da wanda ake tallata maka, tabo da tabo, kusurwa da kusurwa. A shafin za ka kuma ga ƙididdigar yawan kwafin da suka tantance a kowane maki, wadda za ta nuna maka ko katin da ake ce maka babu irinsa yana da 'yan'uwa dubbai.

Mataki na huɗu: gane jabu da maimaicin bugu

Abubuwa biyu ne daban. Maimaicin bugu halastacce ne, kamfanin da kansa ya sake bugawa don tunawa. Topps ta sake buga jerin 1952 a 1983, na 1953 a 1991, na 1954 a 1994, kuma ta ci gaba da yin irin haka. Waɗannan suna da shekarar sabon bugun a baya, kuɗinsu kaɗan ne. Matsalar ita ce masu ha'inci kan kankare shekarar, su jiƙa katin a ruwan shayi ya yi kalar tsufa, su goge kusurwoyin, su ce a kayan kakansu suka tsinta.

Awo ne ke fara tona musu asiri. Katunan Topps na 1952 zuwa 1956 sun fi na yanzu girma: inci 2 da 5/8 a faɗi, 3 da 3/4 a tsayi, wato wajen santimita 6.7 da 9.5. Sai a 1957 aka koma girman da ake amfani da shi har yau, inci 2 da rabi da 3 da rabi, kuma a wannan girman aka yi waɗancan maimaicin. Awon ne kuma ke nuna katin da aka datse: in ya gaza ƙa'ida, bakinsa kuma ya yi kaifi fiye da yadda shekarunsa suka kamata, a yi hattara.

Sai madubin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau goma. A katin asali, launukan hoton ɗigo-ɗigo ne a jere bisa tsari, amma baƙin rubutu da layukan gefe tawada ce tsantsa a shafe. A jabun da aka ɗauki hoton na asali aka sake bugawa, har rubutun ma ɗigo-ɗigo yake fitowa. Ƙaramar tocila mai hasken ultrabayolet, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, tana taimakawa: takardar zamani kan yi ƙyalli mai shuɗi-shuɗi saboda sinadarin ƙara fari da ake sa mata, tsohon kwali kuwa yawanci ba ya yi. Dubi kusurwoyin kuma. Tsufa na gaskiya ba ya cin kusurwa huɗu daidai wa daida.

Hanya mafi sauƙi ta horar da ido ita ce ka sayi katin wani ɗan wasa da ba a san shi ba daga jeri ɗaya, misali Topps na 1956. Irinsu 'yan daloli ne kuma ba mai wahalar da kansa ya yi jabunsu. Ka riƙe shi, ka ji kaurinsa, ka duba ɗigonsa a madubi, ka haska shi. Shi zai zama ma'auninka. Duk da haka, katinka na farko na Robinson ya zama wanda PSA ko SGC suka tantance. In mai sayarwa ya rubuta cewa shi bai san komai a kan katuna ba, ko bai tabbata na asali ba ne, mai saye ya yanke hukunci, to ya sani sarai. Wanda ke riƙe da Leaf na gaske ba zai ƙi biyan kuɗin tantancewa ya sayar da shi a arha ba.

Mataki na biyar: san farashi, ka yanke kasafi

Farashin da mai kaya ya sa ba shi ne farashin kasuwa ba. Abin da aka saya aka biya shi ne. A eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, akwai wurin da za ka tace ka ga kayan da aka riga aka sayar kawai. Shafin PSA yana da tarihin kuɗin gwanjo na kowane kati a kowane maki, shafin 130point ma yana nuna cinikin da aka kammala. Zaɓi kati ɗaya da maki ɗaya, ka bi shi na 'yan makonni, kana rubuta kowane ciniki da yadda katin yake a ido. Kafin wata ya ƙare za ka riƙa gane tsada da araha da kanka.

A dunƙule, na 1956 da na 1955 su ne ƙofar shiga, masu ƙaramin maki ana samun su da ɗaruruwan daloli. Na 1954 yana kusa da su, na 1953 da Bowman biyu sun fi su, sai Leaf da Topps na 1952 a can sama.

Ka lissafa da la'ada. Kamfanonin gwanjo kan ɗora wa mai saye kusan kashi 20 cikin ɗari ko fiye a kan tayin da ya ci. In ka ci kati a dala 500, za ka biya 600 kafin a zo maganar kuɗin aikawa da inshora da harajin ciniki. Wanda ke biya daga naira ko sefa ko sidi ya ƙara da canji da kuɗin banki da abin da kwastan za su iya nema. Rubuta iyakarka da duk waɗannan a ciki kafin gwanjo ya buɗe, kuma in an wuce ta ka janye hannu. Katin 1956 mai maki 3 ba ya ƙarewa a kasuwa, wani na nan tafe.

Kada ka shigo da kuɗin abinci ko na makarantar yara, kada ka ci bashi. Farashin katuna ya yi tashin gwauron zabi a 2020 da 2021 lokacin annobar korona, daga baya da yawa suka faɗo, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka asara. Katunan Robinson suna da tushe mai ƙarfi don tarihinsa ya wuce fagen wasa, amma wannan ba alkawarin riba ba ne. Akwai kuma abin da ya yaɗu yanzu, inda ake biyan kuɗi a sayi gurbi a buɗe sabon kwali kai tsaye a intanet, kowa ya karɓi abin da sa'arsa ta ba shi. Wannan ya fi kama da caca fiye da tara kayan tarihi, kuma ba zai kai ka ga katin 1956 ba.

Mataki na shida: inda ake saye

Manyan gidajen gwanjo su ne Heritage da ke Dallas, da Robert Edward Auctions, da Goldin, da Memory Lane, da Lelands. Suna sa hotuna manya na gaba da baya, kuma ko ba ka saya ba, duba kundin gwanjonsu makaranta ce kyauta. A eBay kaya sun fi yawa, masu ha'inci ma sun fi yawa, don haka dubi tarihin mai sayarwa: shekara nawa ya yi, tsofaffin katuna yake sayarwa ko tarkace, yana karɓar kaya in an dawo da su? In hoton ya yi duhu ko babu na baya, nemi a turo maka. In ya ƙi, kada ka yi cinikin biri a sama.

Ka sa ido kan tayin bogi, inda mai kaya ko yaransa ke taya kayansu don su ingiza farashi, abin da malaman fikihu ke kira najashu. Wancan Mastro ɗin da irin wannan aka kama shi, aka yanke masa ɗaurin wata 20 a 2015. Alamarsa ita ce sabon asusu da ba ya taya kayan kowa sai na mutum ɗaya, ko kati da aka ce an sayar amma ya sake bayyana a hannun mai shi bayan mako biyu. Ka biya ta hanyar da ke da kariyar mai saye. Duk wanda ya ce ku fita daga shafin ya rage maka, ka tura kuɗi kai tsaye, rabu da shi.

Wanda ke zaune a Amurka yana da damar zuwa baje kolin katuna, mafi girma shi ne National Sports Collectors Convention da ake yi kusan duk shekara tun 1980, inda zai riƙe kati a hannu ya yi ciniki baki da baki. 'Yan'uwa da ke New York kuma su leƙa gidan tarihin Jackie Robinson da aka buɗe a Manhattan a 2022.

Mataki na bakwai: kawo shi gida da adana shi

Dillalai da yawa a Amurka ba sa aika kaya Afirka ta Yamma. Mafita biyu ce. Ko a aika wa amintaccen ɗan'uwa a can ya taho maka da shi a jakar hannu, ko ka bar shi a ma'ajiyar da wasu kamfanonin ke da ita, kamar ta PSA a jihar Delaware, inda za a ajiye da sunanka har ka so karɓa ko sayarwa. In dole sai an aiko, a yi ta kamfanin da ke ba da lambar bin sawu da inshora da sa hannun mai karɓa.

In ya iso hannunka, abokan gabarsa su ne rana, zafi, laima da ƙwari. Hasken rana na kashe launi, musamman ja da ɗorawa, kuma in ya kashe ba ya dawowa, don haka kada ka rataye shi a bango. Kwanson tantancewa ba ya hana ruwa shiga. Laimar damina na kumbura kwali ta kawo fumfuna, bushewar hunturu kuma ta lanƙwasa shi. Sa kwanson a ledarsa ta musamman, ka sa a akwatin roba mai murfi da ke rufuwa ruf, da 'yan ƙullin sinadarin tsotse laima irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, kana canza su lokaci-lokaci. Ajiye akwatin a ɗaki mai sanyi, nesa da ƙasa da bango saboda gara, ba a saman silin da kwano ke gasawa ba.

Katin da ba shi da kwanso a fara sa shi a leda mai laushi, sannan a gida mai tauri. Ka tuna girman: na Topps 1952 zuwa 1956 ba sa shiga ledar katunan yanzu, in ka tura da ƙarfi za ka karya kusurwa, sai ka nemi ledar da aka yi don tsofaffi. Guji gidan da ake ɗaurewa da kusoshi, yana matse kati har ya baje, kamfanin tantancewa ya ce an taɓa shi. Kada ka goge, kada ka sa dutsen guga, kada ka cike farin gefe da biro. Duk gyaran da ka yi rage masa daraja yake.

Buɗe littafi ko fayil ka rubuta kowane kati: shekara, lamba, kamfanin da ya tantance, lambar shaida, ranar saye, wurin saye, da jimillar abin da ka kashe. Ɗauki hoton gaba da baya, ka adana rasit. Zai yi maka amfani wurin inshora da ranar sayarwa, zai kuma sa iyalinka su san darajar abin da ke cikin akwatin.

Game da jerin saye, da ni ne sai in fara da 1956, in bi da 1955 da 1954, domin ukun nan za su koya maka kasuwa ba tare da sun karya ka ba. Daga nan 1953, sai Bowman na 1950 da na 1949. Leaf da Topps na 1952 su zo a ƙarshe, ko da za su ɗauki shekaru. In a hanya ka gamu da kwafin da ya fi wanda kake da shi kyau, sayi sabon tukuna, sannan ka ba gidan gwanjo tsohon su sayar maka. Tambayi kason da za su cire da tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su biya ka, a rubuce, kafin katin ya bar hannunka.